Yadda ake rubuta waƙar zube a kan son mijin wata

Tunda na fara ɗora irin rubutun nan 'yan mata suke biyo ni ta bayan fage, wai Anti dan Allah ya kike yi, mu in muka zauna zamu rubuta sai abun ya koma labari, ko kuma ya koma irin saƙon da ake turawa saurayi ƙarfe ɗayan dare. Toh yau dai na ce bari na zauna na warware shi gaba ɗaya a huta. Da "ke" zan yi magana dan mata ne suka fi tambaya, amma namijin da yake son ya ari bakin mace ya rubuta shima hanyar ɗaya ce.

Abun da ni nake cewa waƙar zube shi ne rubutun da a ido zube ne, sakin layi kamar na labari, babu baiti babu ɗango babu amsa-amon da dole sai kin bi a ƙarshen layi, amma da an karanta shi a kunne sai a ji waƙa ce. A Faransa ya fara yin suna a ƙarni na 19, Larabawa ma suna yi suna ce masa ƙasidatun nasri. Mu kuma kunnenmu ya riga ya saba, duk wadda ta taɓa jin kirari ko ta ji mace tana daka tana sakar wa kishiya habaici ta san magana tana yin kiɗa ko ba a auna ta ba. Iya ilimin da kike buƙata kenan, sauran aiki ne.

Kayan aiki

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Ni dai daftarin farko bana yin sa a waya saboda da kin fara saƙo zai shigo ko caji ya yi ja, kuma yatsa yana saurin goge abun da ya kamata a bari. In babu littafi sai wayar, ki kashe data tukunna.

Kibod mai ƙ da ɗ da ɓ. Gboard yana da Hausa, ki shiga wajen harsuna ki ƙara. Kar ki raina wannan, a irin rubutun nan kalmomi biyu ne zasu yi ta dawowa, kishi da ƙishi, in baki da ƙugiya sai mai ƙishin ganinsa ta koma mai kishin ganinsa. In wayar ta ƙi, ki sa ɗan waƙafin sama, k' d' b', kowa ya san shi.

Abun ɗaukar murya na cikin waya, zamu zo kan amfaninsa. Sai mutum ɗaya mai riƙe sirri wadda zata karanta ta faɗa miki gaskiya, banda ƙawar da komai kika nuna mata sai ta ce kai ya yi daɗi. In akwai tsohuwa a gidanku ki riƙa zama kusa da ita, karin maganar da zata yar a hira ɗaya ta fi wadda zaki tsinta a intanet a wata guda. Lokaci kuma bayan Isha ko bayan Asuba, lokacin da gida ya yi tsit.

1. Ki fara sanin wacece mai maganar

Kafin ki rubuta kalma ɗaya ta waƙar, ki ɗauki shafi guda ki amsa wa kanki tambayoyi. Budurwa ce ko bazawara? A gidan iyayenta take ko riƙo? A ina ta san shi, malaminta ne, maƙwabci ne, abokin yayanta ne, ogansu ne a ofis, ko mijin ƙawarta ne wanda har anko ta yi a bikinsu? Sannan babbar tambayar, ya san tana yi? Dan kala uku ne kuma kowanne muryarsa daban. Akwai wadda bai ma san tana duniya ba, gaisuwa kawai ke haɗa su. Akwai wadda yake zuwa zance wajenta shekara biyu uku yana cewa ki bari na shawo kan gida. Akwai kuma wadda ya zo ya tafi, ya ɗauke ƙafa ba sallama, ita ce bata tafi ba. Duk amsoshin nan ba zasu shiga cikin waƙar ba, ke ce zaki sani dan kar muryar ta riƙa rawa.

Anan ne yawancin masu farawa suke zamewa. Sai su ɗauko ciwon daga finafinan waje, inda mai mata ya haramta har abada sai dai in ya saki ta gida, su yi ta rubuta "tsakanina da kai akwai teku, akwai dutse". Mai karatu Bahaushiya zata ce wane teku kuma, ai aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta ba shi dama har huɗu in zai yi adalci, ga maƙwabcinmu can da uku. A wajenmu ƙofar a saye take ba a kulle ba, kuma wallahi wannan ya fi ciwo, dan wadda aka kulle wa ƙofa tana iya haƙura ta juya, ita kuwa wannan tana hango hasken ɗaki ta tsagar ƙofa. Zai iya aurenta gobe in ya ga dama, waliyyi da sadaki da shaidu ne kawai, kuma bai yi ba. Kullum tana ƙirga dalilin da ya sa bai yi ba, ko kuɗin haya ne, ko tsoron uwargida ne, ko Hajiyarsa ce, ko kuma dai, wanda bata son ta faɗa, son bai kai nan ba. Burinta ma in kin duba ba shi gaba ɗaya take nema ba, kwana biyu take nema a cikin huɗu, ranar girki take nema, ɗaki ɗaya a gefen gida. Mutum yana haukacewa akan rabin abu. In kika kama wannan kin kama waƙar.

2. Ki tara ƙananan abubuwa

Sabon shafi. Ki jera abubuwa ashirin zuwa talatin da ta sani a kansa waɗanda bata da hurumin sani. Shi son da ya zama ciwo da haka ake gane shi, mai shi ta zama kamar 'yar sandan ciki. Ta san ƙarar motarsa a cikin motoci, ta san ranar Juma'a wace hula yake sawa kuma ta wane ɓangare yake karya ta, ta san masallacin da yake Magariba, ta san ƙarfe nawa ya sauka daga WhatsApp jiya da dare kuma ta san dalili. Ta san sunan da ya ajiye lambarta da shi, wani "Malam mai siminti" ko "Bakanike 2". Tana leƙa sitatus ɗin matarsa da wayar ƙanwarta. Ta haddace sunayen yaransa da ajinsu, har ta san wanda yake ciwon haƙori.

A cikin jerin ki tabbata akwai na hanci da na kunne da na taɓawa, kar duk ya zama na ido. Kuma ki nemi inda hannun uwargida ya taɓa shi, dan nan ne zinaren yake. Karin gugar da ke hannun rigarsa wa ya sa aka yi? Kular abincin da take kujerar baya wa ya zuba? Turaren wutan da ke tashi a jikin shaddarsa a kabbasar wa aka turara? Duk abun da ya burge ta a jikinsa wata ce ta gyara shi ta turo shi waje.

Abubuwan da ni na hana kaina, kuma ina baki shawara ki hana kanki a rubutu goma na farko: wata da taurari, fure, zuma, "bugun zuciyata", "hawaye na bin kuncina", "kai ne numfashina". An tatse su har sun daina kawo nono. Kalmar "so" ma kanta ki gwada ki ga ko zaki iya gama waƙar baki ambace ta ba.

In kin zauna kin rasa abun jerawa saboda baki taɓa shiga halin ba, alhamdulillahi, ba sai kin shiga ba. Ki je gidan kitso ko wajen ƙunshi ko gidan suna ki yi shiru ki kasa kunne. Sai dai ki ɗauki yanayin ki bar masu shi a inda kika same su.

3. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya

Wannan shi ne maganin masu cewa nasu yana komawa labari. Da kin fara "ranar da muka haɗu" sai "bayan wata uku" sai "daga nan", kin shiga labari kenan. Ki zaɓi ɗan lokaci ƙanƙani ki tsaya a cikinsa. Tsakanin Magariba da Isha tana jiran waya. Safiyar Sallah ta ci kwalliya ta san yana can yana ɗaukar hoto da iyalinsa. Daren da aka ce matarsa ta sauka an samu namiji, ita kuma ta rasa barka zata tura ko kuka zata yi. Abun da ya faru a baya ya shigo ta taga a jumla ɗaya ya fita.

4. Ki zubo daftarin farko

Ki yanke da wa take magana. Da shi ne ya fi sauƙi, shi nake cewa a fara da shi. Da uwargida ya fi wuya amma ya fi daɗi in ya faɗa daidai. Akwai kuma wadda take yi da zuciyarta kamar tana yi wa yaro faɗa, ko kuma akan sallaya tana kai ƙara wajen Allah. Ɗaya zaki riƙe har ƙarshe.

Ki ajiye jerin nan na mataki na biyu a gefe, ki sa agogo minti goma sha biyar ki yi ta rubutu kar ki ɗaga biro, kar ki gyara ƙa'ida, kar ki koma ki karanta. Zai fito da shirme da yawa, haka ake so. Daga cikin abubuwa talatin ɗin nan wataƙila biyar ko shida ne zasu shiga da kansu, kar ki tura sauran da ƙarfi.

Ga irin yadda farkon daftari yake fitowa ga wadda ta tsallake mataki na biyu: "Ina sonka so mai tsanani, na kasa ci na kasa bacci, duk da na san kana da mata zuciyata ta ƙi haƙura." Ba ƙarya a ciki, sai dai mace dubu zata iya sa hannu a ƙasa. Ga kuma wanda na rubuta dan wannan darasin, bayan an bi matakan an gyara:

"Na san ƙarar motarka tun tana kwanar masallaci. Na san hon biyu na mai gadi ne, ɗaya na yara. Na san minti bakwai kake yi a ciki kafin ka fito, kuma minti bakwai ɗin nan su ne rabona, su ne kwanana, su ne girkina. Kana magana ina jin inji yana huci, ina jin ladan yana gyara murya a bayanka, ina jin wani ɗan hannu yana buga gilashi yana Abba Abba. Sai ka ce toh sai da safe. Sai layi ya mutu. Ranar da ka zo na shaƙi rigarka, hannun da ya ɗora ta a kabbasa ya juya ta ciki da waje ya san aikinsa. Na koma ɗaki da ƙamshin matarka a mayafina. Ban wanke ba har Juma'a."

Kin ga babu inda ta ce ina sonka. Wadda ta ƙi wanke mayafi har Juma'a ba sai ta faɗa ba.

5. Ki sa masa kiɗa

Tunda babu ma'auni babu amsa-amo, da wasu abubuwa zaki riƙe kunnen mai karatu. Na farko maimaici. A misalin sama "na san" ta zo sau uku a jere, "su ne" uku, "ina jin" uku. Uku ya isa, in kika kai biyar ya zama karatun allo. Kuma irin wannan maimaicin ya dace da maudu'in dan ita kanta mai maganar tunani ɗaya take ta nanatawa a ranta kamar carbi.

Na biyu tsawon jumla. Ki bar wata ta yi ta tafiya da waƙafi kamar mai gudu tana haki, sai ki tare ta da 'yar gajera mai kalma uku ko huɗu. Inda gajerar ta faɗo nan ne zuciyar mai karatu zata yi dam, saboda haka kar ki ɓarnatar da ita a wajen da ba komai.

Na uku amsa-kama, wanda Allah ya hore wa Hausa: tsit, wayam, zuru-zuru, jugum, tsamo-tsamo, fayau. Ɗaya ko biyu a waƙa guda. "Layi ya yi wayam" ya fi jumla uku na bayanin kaɗaici. Karin magana kuma kar ki kawo ta ɗungurungum ki dasa kamar a jarrabawa, ki karya ta. Kowa ya san son maso wani ƙoshin wahala, toh ita sai ta ce "na ƙoshi, ban kuma ture kwanon ba", mai karatu da kansa zai ƙarasa.

Yanzu ki ɗauko wayar ki karanta da murya ki ɗauka, ki saurara da abun kunne. Duk inda harshenki ya sarƙe ko numfashi ya ƙare miki a tsakiyar jumla ki sa alama. Duk inda kika ji kunyar muryarki saboda maganar ta yi kama da ta fim, shima alama. In gidan cike yake babu inda zaki ɗaga murya, raɗa ma tana yi, in dai leɓe ya motsa.

Kuskuren da ke shigowa anan ba a sani ba shi ne amsa-amo. Kunnenmu ya saba da waƙoƙin finafinai, sai ki ga duk jumlolinki sun fara ƙarewa da rayuwa, damuwa, kulawa, mantuwa, kina zaɓar kalma dan ta yi "wa" ba dan ita kike nufi ba. In ya zo sau ɗaya a tsakiya da kansa ki bar shi. In kuma kin ga hannunki ya fi son hakan, ba laifi ba ne, ki karkasa shi baiti-baiti ki yi ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, wato layi biyu ko huɗu a kowane baiti, ki san rubutacciyar waƙa kike yi, wannan wani darasin ne.

6. Uwargida

Zan ɗan daɗe anan dan shi ne inda nake gane wadda ta iya. Mai koyo tana maida uwargida mayya, ƙazama, mai baƙin hali, wadda bata san darajar miji ba, dan a tausaya wa mai maganar. Da kin yi haka waƙar ta mutu, dan babu sauran abun da zai ci ran mai maganar, ta zama mai ceto kenan. Bayan haka rabin masu karanta ki uwayen gida ne, sauran rabin kuma 'ya'yan uwayen gida ne da suka ga abun da mahaifiyarsu ta shiga ranar da aka ce Baba zai ƙara aure.

Ki bar ta mutum. Ta iya girki, tana gaisuwa da fara'a, wataƙila ma ta taɓa ba mai maganar turare ko ta rage mata hanya a mota. Mai maganar tana kishinta tana kuma sha'awarta, tana kwaikwayon ɗaurin ɗankwalinta a gaban madubi sannan ta tsani kanta. An ce kishi kumallon mata, toh ki nuna kumallon yana tasowa, ki nuna ta tana haɗiye shi.

Kuma ki sani akwai layin da mai maganar ta san shi tun tana Islamiyya. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana mace ta nemi a saki 'yar uwarta dan ta juye abun da ke cikin akushinta. Neman ɗaki a gefe daban, fatan a fitar da wata daban. Waƙa mai ƙarfi tana kai mai maganar bakin layin nan. Misali ta kama kanta tana jin daɗi da aka ce uwargida ta yi yaji, sai ta yi istigfari, sai ta sake jin daɗin. Ko ƙawarta ta bata lambar wani malami na kan tudu, ta ajiye lambar bata kira ba bata kuma goge ba. Ba ke zaki yanke mata hukunci ba, ki dai nuna ta san inda take tsaye.

7. Zafi ba tare da batsa ba

Ana tambayata wannan sosai, wai ya za'a nuna sha'awa mai ƙarfi ba a zubar da mutunci ba. Ki duba Suratu Yusuf aya ta 30 da 31. Matan birni suka ce son ya ratsa matar Azizu har cikin zuciya, ta gayyato su ta ba kowacce wuƙa, da Annabi Yusuf ya fito suka yanyanke hannayensu. Ba a siffanta jiki ba, abun da ganin ya sa suka aikata aka nuna. Ki koyi wannan. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta yi sallama a raka'a ta uku. Ta sha ruwa a kofin da ya ajiye, ta daidai inda bakinsa ya taɓa. Iyakar nan ta isa, ta ma fi.

Banda ma haka, ki tuna a ina kike rubutu. A Kano akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i, kuma a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, har yau marubuta mata basu gama wanke kansu daga zargin ɓata tarbiyya ba. Sakaya zance al'adarmu ce tun asali, kuma a wannan fannin ita ce ma take ƙara wa rubutu armashi.

8. Aski

Ki ajiye shi kwana biyu kar ki leƙa. In kin dawo ki yanke kashi ɗaya cikin uku. Yawanci jumla biyun farko share fage ne, ki cire ki ga in an rasa wani abu. Ki bi ki tsince su "sosai" da "matuƙa" da "ƙwarai". Duk inda kika nuna abu sannan kika biyo da bayaninsa, ki cire bayanin. Kalma 150 zuwa 300 ta wadatar, in ya haura 400 ki duba da kyau wataƙila biyu ne suka manne sai ki raba.

Ƙarshe kuma dan Allah kar ki rufe da wa'azi, irin "'yan uwana mata mu ji tsoron Allah mu bar mazan mutane". Na san dalilin da ya sa ake yi, tsoron zagi ne, amma duk wanda ya karanta ya ga halin da yarinyar nan take ciki ya riga ya ɗauki darasin. Ki tsaya akan wani abu da ake iya taɓawa, mayafi, kofi, waya a kife akan filo.

9. Goge sawu kafin ki ɗora

Wannan da jikina na koya. Akwai wata da na rubuta na ɗauki launin motar wani a layinmu da sunan masallacin unguwa na saka, dan kawai su ne a gaban idona, wallahi ko gaisawa bama yi da mutumin. Kwana biyu da ɗorawa sai ga wata ta yi sallama gidanmu da hoton rubutun a wayarta, ba wajena ta zo ba wajen Umma ta wuce. Sai da yayana ya shiga maganar, ni kuma na yi wata guda bana iya bin ta ƙofar gidansu. Tun daga nan duk rubutu sai na bi shi na canza unguwa, launin mota, sana'a, yawan yara, duk wani abu da za'a iya nuna gida da shi. Sunan mutum kam ko harafin farko kar ki sa.

Ki ba mai riƙe sirrin nan ta karanta, tambaya biyu zaki mata: a ina kika ji abun ya taɓa ki, kuma akwai wanda ya faɗo miki a rai? In ta ambaci sunan wani, koma ki ƙara gogewa.

In kuma ke ce mai ciwon da gaske, dan na san wasu daga cikin masu tambayar ba dan adabi suke yi ba, ki rubuta, yana rage nauyi, amma ki bar shi a littafi aƙalla sati biyu, kuma kar ki tura masa. Waya ba ta mutum ɗaya bace a gidan aure, yara suna wasa da ita, matar gida tana ɗauka ta haska fitila. Abun da kika rubuta ƙarfe biyun dare zai iya kwana a guruf ɗin danginsu.

Wajen ɗorawa a Facebook ko WhatsApp, ki bar shi a dunƙule sakin layi ɗaya ko biyu, kar ki karya shi layi-layi dan ya yi kama da waƙa, kuma ki rage 'yan hotunan zuciya da na kuka, in rubutun bai sa an ji ba su ba zasu sa ba. Ki sa sunanki ko sunan alƙalaminki a ƙasa da kwanan wata dan za'a kwafa a cire, ni nakan fara turawa kaina ta imel saboda shaida. In sunan alƙalami zaki yi amfani da shi ki zaɓi wanda 'yan gidanku basu san ki da shi ba.

Sharhi zai zo kala-kala. Wasu zasu ce Allah ya shirye ki, wasu zasu tambaya waye shi, wata zata biyo ki ta bayan fage ta ce Anti kamar kin shiga raina kin gani. Masu tambayar waye shi amsa ɗaya nake basu, rubutu ne, bana ƙara komai a kai dan duk abun da kika ƙara sai an juya shi. Ita kuma ta bayan fagen ki amsa mata a hankali, kar ki ɗauki hoton hirarku, kar kuma ki maida labarinta waƙa ta gaba sai kin tambaye ta.